Kowa da Ɗakinsa a Rubutun Hajiya

Sau biyu ina kayar da Hajiya a darasin rubutu, kuma duk sau biyun na je gida na kasa cin tuwo da daɗi. Ni ba mugu ba ne, ko da yake in ka tambayi ɗalibaina wani labarin za ka ji. Saurin fushi kam ina da shi, ban musa ba, jan birona kuma ba ya kwana biyu bai yi aiki ba. Amma mace ta girme ka, ta fi shekara ashirin tana koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta Ƙofar Guga, a ce kai ne mai sa hannu a kan faɗuwarta, wallahi ba daɗi.

A kwalejin horar da malamai inda nake koyarwa muna da ajin ƙarshen mako, na malaman firamare da suka daɗe suna aiki da tsohuwar takardar shaida. An gaya masu ƙarara, duk wanda bai samo sabuwar ba za a cire shi daga aji. Hajiya ta ci duk sauran darussanta. Nawa kaɗai ya tsaya mata, darasin rubutun insha'i, kuma ƙa'idarmu sau uku ake zama. Ta zauna biyu. In ta sake faɗuwa, ita da alli sun yi bankwana ke nan.

Abin haushin shi ne ta iya rubutu. Hannunta tsaf, ƙa'idar rubutu ba ta kuskure, Hausarta kuwa ni kaina ina tsintar kalmomi a ciki. Matsalarta ɗaya ce, ba ta iya wuce mutum.

Ka ba ta take mai sauƙi, a ce "Hanyar da nake bi zuwa makaranta", shafi biyu. Za ta fito daga gida lafiya lau. A layi na uku ta iso bakin lungu inda mai goro yake ajiye tirensa, to nan fa tafiya ta tsaya. Sai ta gaya maka ɗan wane ne, kakansa marini ne a Ƙofar 'Yandaka, ƙanwar kakan ita ce aka kai gidan liman, limamin kuwa shi ne ya yi wa yayanta walimar sauka. Kafin ka ankara an cika shafi shida, lokaci ya ƙare, Hajiya ko titi ba ta tsallaka ba. Na taɓa rubuta mata da jan biro a ƙasan takarda: "Hajiya, ina makarantar?"

Ta zo ofis da takardar a hannu. Na ce mata magani ɗaya ne, ta yanke.

Ta ce, "In yanke wa?"

Na ce, "Mai goro. Liman. Duk wanda ba shi da alaƙa da hanyar."

"Malam, a kan hanyar fa yake zaune. Kullum sai mun gaisa. Ta yaya zan zo wurin mutum in wuce shi kamar na wuce turken lantarki?"

"A takarda ne fa, Hajiya."

"To a takardar ma ai sunana ne a sama."

Na gane abin da take nufi sarai, don ni ma a Ƙofar Marusa aka yanke mani cibi. A cikin gari ba a ambaton mutum tsirara. Ka ce wane, sai ka ce ɗan gidan wane, in ba haka ba a ce ba ka da tarbiyya ko kuma kana jin kanka. Hajiya ta ɗauki wannan ta shiga da shi ɗakin jarrabawa, kuma a ganinta cire mutum daga shafi wulaƙanci ne. Na fahimta, amma fahimtata ba ta ƙara mata maki ko ɗaya.

A shekararta ta uku ne aka gyara mana ɗakin kwamfuta, aka sa intanet, shugaban sashenmu ya ce daga yanzu ɗalibai su riƙa turo rubutunsu ta imel. Ba irin ƙorafin da ban yi ba. Na ce ni da takarda aka koya mani, da takarda zan koyar, in suna so su kawo wanda na'ura ta haifa ya karɓe ni. Ba a yi wata guda ba na yi shiru, don abin ya yi mani rana. Da can ɗalibi ya ba ni rubutu ranar Asabar, sai wata Asabar ɗin zai ga gyara. Yanzu ya turo Litinin, in mayar mashi Talata, ya sake turowa Alhamis. Har yau ban je na ba shugaban sashe haƙuri ba, kuma ba ni da niyya.

Hajiya a waya take bugawa, da yatsa ɗaya, tabarau ya sauko kan hanci. Saƙonta na farko ya zo ranar Talata. Ta yi sallama, ta tambayi iyalina, ta tambayi gajiya, ta tambayi yadda muka ji da ruwan da aka yi, ta yi wa magabatana addu'a, sannan can ƙasa ga rubutun, shafi bakwai. Ina tsakanin aji biyu lokacin, sai na buga mata a tsaye: "Na gani. Ya yi tsawo. A rage."

Ranar Asabar tun kafin takwas na tarar da ita a ƙofar ofishina, fuska ba walwala.

"Malam, gida lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Ba rasuwa aka yi ba?"

"Subhanallahi! Wa ya ce an yi rasuwa?"

"To na ga saƙonka ba sallama ba gaisuwa. Na ce ko wani abu ya same ku, ko kuma laifi na yi maka. Tun ranar ban iya sake taɓa rubutun ba."

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, don kwana huɗu muka yi asara a banza, ga jarrabawa na matsowa. Na ba ta haƙuri. Na tashi a aji na yi sanarwa cewa in sun ga saƙona gajere, sauri ne, ba gaba ba ce. Sai ga hannuwa sama, ashe mutum biyar ne suka kwana da irin wannan zullumi, ɗaya har ya aika matarsa gidanmu ta dubo. Daga ranar na koma yin sallama da tambayar gida kafin in fara yanka.

Muka shiga kai da kawo ni da ita. Ta turo, in mayar, ta sake turowa. Shafi bakwai ya koma shida. Na yi murna, sai na duba da kyau na ga ashe liman ta cire daga shafi na biyu ta mai da shi na biyar, ta kuma ƙara mashi suruki. Rannan kam haƙurina ya ƙare. Na kira ta bayan darasi, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a ɗaga wa babba.

Na ce, "Hajiya, so kike ki bar ajin nan naki? Ki faɗa mani in huta!"

Ta gyara bakin mayafinta. Can ta ce, "Ba na so." A hankali ta faɗa, ta ɗauki jakarta ta fita. Na bi ta da kallo ina jin kamar in mari kaina.

Akwai wani shafi da kwalejin ta buɗe wa kowane aji a intanet, wanda ni sanarwa kawai nake liƙawa a ciki. Ana iya buɗe sabon shafi a ciki, a kuma ɗaura shi a jikin wata kalma, kalmar ta koma shuɗiya, wanda ya taɓa ta sai ta kai shi can. Linki yara ke cewa. Na san da shi tuntuni, kamar kowa, amma ban taɓa kawo shi kusa da darasin rubutu ba. Ranar wata Laraba bayan la'asar ina zaune da rubutun Hajiya a buɗe gabana, ina kallon mai goro shi ma kamar yana kallona, sai kawai na kwashe tarihinsa kaf, tun daga kakan har liman, na zuba a sabon shafi. A cikin rubutun na bar jimla ɗaya: ta iso bakin lungu, ta gaisa da mai goro, ta wuce. Kalmar "mai goro" na mai da ita shuɗiya.

Ranar Asabar na zaunar da ita gaban kwamfuta. Ta karanta layi huɗu, ta cire tabarau ta dube ni.

"Ina ka kai shi?"

"Taɓa nan."

Ta taɓa a tsorace. Shafin ya buɗe, ga kaka marini, ga ƙanwarsa, ga liman har da surukin da ta ƙara mashi. Ta bi da yatsa layi layi tana neman abin da na sace, ba ta samu ba. Na nuna mata inda ake komawa, ta koma, ga ta a bakin lungu. Ta sake shiga, ta sake fitowa. Sau uku ta yi haka.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wato ɗaki ka ba shi."

"Ɗaki na ba shi."

"Mai son gaishe shi sai ya shiga."

"Mai sauri kuma ya wuce makaranta."

Ta daɗe tana kallon shuɗin rubutun. Sannan ta ce, "Ba dai korarsa aka yi ba."

Na ce ba a kore shi ba, shina nan daram, ko gobe ta zo za ta same shi.

Kai, ka ga aiki! Cikin mako biyu Hajiya ta gina ɗakuna sun fi goma. Mai ƙosai ta samu nata, mai gadin makaranta ya samu nashi, har wata tsohuwar rijiya da aka cike tun ina yaro ta samu. Sauran ɗalibai suka gani suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Na ba kowa aikin ya rubuta hanyarsa, duk inda hanyar wani ta haɗu da ta wani a ɗaura. Wani malami daga Ƙofar 'Yandaka ya shiga ɗakin mai goro ya tarar da marinar kakansa a ciki, ya turo wa Hajiya imel cewa ta yi kuskure, ba ƙanwar ce aka kai gidan liman ba, yayar ce. Ta mayar mashi da cewa ya je ya tambayi gwaggonsa, don lokacin da aka yi abin ko uwarsa ba a yaye ba. Ya je ya tambaya, ya dawo ya ba da haƙuri a gaban aji, aka yi ta dariya.

Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar wannan zangon ba. Mutanen da da can suke rubutu don ni kaɗai, suna fargabar jan biro, yanzu junansu suke rubuta wa, kuma ba wanda ke son maƙwabcinsa ya kama shi da shirme. Ni kuma na koma gefe ina shan shayina, ina sa baki jefi jefi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wannan: kafin Hajiya ta ba mutum ɗaki, dole ta tsaya ta raba, me zai zauna a kan hanya, me zai shiga ciki. Wannan rabon kuwa shi ne ainihin abin da na shekara biyu ina ƙoƙarin cusa mata da faɗa. Sai na riƙa jin ta gaban kwamfuta tana magana ita kaɗai, "Wanga na hanya ne. Wanga na ɗaki ne." Wata Alhamis saƙonta ya shigo, bayan gaisuwa na ga shafi ɗaya da rabi. Ta fito gida, ta bi lungu, ta tsallaka titi, ta shiga makaranta. Ran nan na fara ganin ajin nata a rubuce, tagarsa ɗaya da ba ta rufuwa, da yaran da ke rige-rigen karɓar jakarta. Na karanta sau biyu, na tashi na zagaya ofis don daɗi.

Sai dai jarrabawa a takarda ake yin ta, da biro, ba waya ba kwamfuta. Na san da haka tun farko, na dai yi ta ture tunanin gefe. Saura mako biyu na gaya mata.

Ta ce, "To mutanena fa?"

Na ce, "Ki bar su a gida, Hajiya. Awa biyu ce kawai, ba abin da zai same su."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ni kuma wannan shirun nata na riga na san shi, bai taɓa zame mani alheri ba.

Ranar jarrabawa ni ne mai tsaro a zaurensu. Ba ni kaɗai ke fitar da tambaya ba, sashe ne ke zaɓa, sai da aka buɗe ambulan na gani. "Bikin suna da na taɓa halarta." Na ce inna lillahi a zuciyata. A duk taken duniya a rasa wanda za a ba Hajiya sai gidan suna, inda dangin uwa da na uba suke cike da tsakar gida!

Ta duƙufa tana rubutu. Ina zagayawa, ina satar kallonta, ba na iya ganin komai sai saman mayafi. Awa ɗaya ta wuce, sai ta ɗaga hannu tana neman ƙarin takarda. Na kai mata. Ba a jima ba ta sake ɗagawa. A ta ukun kam ban miƙa mata a hannu ba, ajiyewa na yi a kan tebur da ɗan ƙarfi, na haɗe rai, na juya. Doka ta hana ni magana, amma fuskata ta faɗi duk abin da ke bakina. Da aka tashi ta miƙa takardunta ɗaure da zare, ta fita ba mu haɗa ido ba.

Takardarta na tura can ƙasan tuli. Sai da na gama ta kowa, washegari da hantsi, na ɗauko ta ina jan tsaki tun kafin in buɗe.

Shafi biyu ne, saura layi uku su cika. An taru da safe, an raɗa suna, an yanka rago, mata sun cika gida da yamma, ta yi barka ta dawo. Tiryan-tiryan, ba tsayawa. Sai dai a ƙarƙashin wasu kalmomi ta ja ɗan siririn layi: ungozoma, wanzami, kakar jaririn, wata maƙwabciya da ta kawo tukunyar aro. Na buɗe ƙarin takardun nan uku. A saman ta farko ta rubuta: "Malam, wannan ba amsa ba ce, kada ka duba. Mutanen da na ja wa layi ne." Ta kuma ja dogon layi ɗaya ta soke kowane shafi daga sama har ƙasa, yadda doka ta ce a yi wa rubutun gwaji. Ashe cikin awa ɗaya ta gama amsarta, sauran lokacin ta zauna tana sauke baƙinta ɗaya bayan ɗaya.

Na yi dariya ni kaɗai har da buga tebur. Abokin aikina da ke dubawa ta biyu ya ɗaga ƙarin takardun ya ce, "Wannan fa?" Na ce gwaji ne, ga shi ta soke. Ya ce ya gani, amma duk da haka ya zauna ya karance su tas, har yana tambayata ko na san wanzamin. Makin da na ba ta bai taɓa ba. Ba ita ce ta ɗaya ba, amma ta ci, ci mai kyau.

Ba a faɗin sakamako kafin a liƙa, don haka na kama bakina har makonni. Aka liƙa a makon da firamare suka dawo daga hutu. Ɗalibai suka cika gaban allon, ban ga Hajiya ba. Na tura mata imel, shiru. Ranar Talata da safe na tuƙa tsohuwar motata zuwa makarantarsu. Hedimasta ya ce ai ba ta dawo ba, ta aiko cewa a ba ta 'yan kwanaki, kuma tun ranar da aka yi hutu ta kwashe kayanta daga aji. Ya kwatanta mani gidan.

Na yi sallama a zaure. Maigidanta, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mani tabarma, ya leƙa ciki ya kira ta. Ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa. Na buɗe baki zan fara gaisuwa, ta tare ni.

"Malam, ka faɗa mani kawai."

"Kin ci, Hajiya."

Ta lalubi bango ta zauna a kan dakali. Dattijon kuwa sai alhamdulillahi yake ta yi.

Na ce, "Me ya sa kika kwashe kaya ba ki jira an liƙa ba?"

Ta ce, "Fuskarka na gani, ranar da ka ajiye mani takarda ta uku. Na ce shi ke nan, Malam ya gama da ni. Ban so a zo a ce in fita a gaban yara, gara in fita da ƙafata ba wanda ya sani."

Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige. Makonni matar nan ta yi tana zaman makokin aikinta, saboda ni da baƙar fuskata. Na ce ta yafe mani. Ta ce ba komai, ai ta san halina, duk kwalejin an sani. Dattijon ya fashe da dariya, ni ma dole na yi.

Na ce, "To sai a mai da kaya."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce kayan ba su da yawa, littattafai ne da tabarmar salla, sai dai randa. Ashe wata randar ƙasa gare ta a kusurwar aji, tun farkon zuwanta makarantar, ita yara ke sha. A kai ta ɗauko ta zuwa gida ranar hutu, kuma ta ce yau kam ba za ta iya sake ɗaukar ta ba.

Ni da dattijon muka ciccibo randar muka sa a kujerar baya. Ya ce mu je, shi zai biyo da littattafan. Hajiya ta zauna kusa da ita ta rungume ta da hannu biyu, ni kuma na bi lungun a hankali, ina kauce wa kowane rami, masu babur na ta yi mani hon ina ce masu su tashi sama in suna sauri.

Tun kafin in kashe mota wata yarinya ta hango ta ta taga ta ƙwala ihu, "Malama ta dawo!" Ajin ya fashe, suka yo waje gaba ɗaya, malamin da aka ba riƙo yana ta tsawa ba mai jin sa. Na sauke randar da kaina na kai ta kusurwar da suka nuna mani, inda gindinta ya bar zagayen shaida a siminti.

Ban tsaya sallama ba. Ina buɗe ƙofar mota na jiyo ta ta taga tana cewa kowa ya zauna ya fito da littafinsa.